Tambayar da Na Jefa a Akwatin Malama

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Ni ce na rubuta tambayar.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko a gaban madubi ban furta ba. To yau na faɗa wa takarda. Ni ɗin nan da ba na ɗaga hannu a aji ko da fitsari zai kashe ni, ni da in an kira sunana muryata take gudu ta bar ni a tsaye, ni ce na jefa takardar nan a akwatin Malamar Bayoloji. Yau da safe aka dakatar da ita daga aiki.

Bari in jera abin yadda ya faru, ko kaina zai daina juyawa.

Tun farkon zango Malama ta ajiye kwalin takalmi a bayan ɗakin gwaji, ta tsaga masa baki a sama. Ta ce duk mai jin kunyar tambaya ta rubuta ta jefa, ba sai ta sa suna ba. "Amana ce tsakanina da ku," in ji ta. Ran Alhamis take buɗewa ta amsa. Mako uku muka yi a kan darasin ƙwayoyin gado, yadda masana suka koyi yanke su da haɗa su kamar tela da yadi, da abin da hakan ya kawo a asibiti da gona da kotu.

Ga abin da na rubuta, da hannun hagu don kada a gane rubutuna. A wani littafin soyayya na ga jarumar ta yi haka.

"Malama, idan an gano tun yaro yana ciki cewa zai zo da sikila, za a iya gyara shi? In ba za a iya ba, doka ta yarda a hana shi zuwa?"

Ta karanta a fili. Ta juya takardar ta dubi bayanta, ta ninke, ta sa a aljihun farar rigarta. Sannan ta ce akwai maganin gyaran ƙwayoyin gado da aka fara yi wa masu sikila a wasu ƙasashe, amma bayan an haife su ne, kuma da tsada ƙwarai, mutane kaɗan ne suka samu. Ta ce ana iya gwadawa a gano tun a ciki. Maganar doka kuwa, ta ce kowace ƙasa da tata, kuma ko inda doka ta yi shiru, addini da zuciyar mutum ba su yi shiru ba. "Ni aikina in faɗa muku abin da ake iya yi. Abin da ya kamata a yi, wannan ku ne da iyayenku da imaninku."

Sai ta kalli bango, ba ta kalli kowa ba, ta ce, "Wadda ta rubuta wannan ba muguwa ba ce. Gajiya ta yi."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Wallahi shi ke nan. Amma kafin Asabar maganar ta zaga gidaje ta koma wai Malama ta ce a riƙa zubar da cikin masu sikila, wai kuma tana koya mana sake halittar Allah.

Don ƙanwata Auta na tambaya. Ban yi laifin komai ba.

Talata, ƙarfe uku da rabi

Malamin Lissafi aka turo ya riƙe mana Bayoloji. Ya shigo riƙe da littafin kamar wanda aka ba jaririn wani. Ya ce, "Shafi na tamanin zuwa casa'in da biyar, ku ɗauka babu su."

Rediyo, ƙawata da muke benci ɗaya, ta ce, "Malam, a nawa littafin akwai su."

"To ki rufe ido in kin zo wurin."

"Malam, in sun fito a jarrabawa fa? Can ma mu rufe ido?"

Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na buɗe shafi na tamanin a ƙarƙashin benci, inda na saba ɓoye littattafan soyayya, na karanta shi tun daga sama har ƙasa. Ran farko ke nan da na saci karatun littafin makaranta a cikin makaranta.

Laraba, bayan cin abincin yamma

Baba ne magatakardan kwamitin iyaye. Shi ya rubuta takardar ƙorafin da hannunsa, da kyakkyawan rubutun nan nasa mai jingina dama.

Yana shan shayi yake ba Umma labari. "Yara ƙanana a zauna ana koya musu wa ya cancanci a haifa, wa bai cancanta ba. Wai wata yarinya ce ta tambaya. An ce ta kawo takardar ta ƙi. Ai kin san babu wata takarda, ita ta ƙirƙiro abinta."

Umma tana goge wa Auta baki.

Ni ina tattara kwanuka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Baba, ai irin masarar da kake sayarwa a shago ma masana ne suka inganta shi."

Ya ajiye kofin. Shekarata goma sha shida, ban taɓa sa masa baki a magana ba. "Mamana, yau ke ce da magana? Iri daban, ɗan Adam daban. In masara ta lalace sai ka sake shuka. Kin gane?"

"Na gane, Baba."

Ban gane ba. Wato na gane, amma ba abin da Malama ta ce ke nan ba.

Alhamis, ƙarfe ɗaya

Yau ranar buɗe akwati. An cire shi. Sai alamar kusurwa huɗu a kan kanta inda ƙura ba ta taɓa ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

A taron safe Shugabar makaranta ta ce kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta makon jibi. In da gaske wata ɗaliba ce ta yi tambayar, ta fito kafin ranar, a rubuce, da sunanta. In ba wadda ta fito, za a ɗauka Malama ce ta kawo maganar da kanta, kuma za a sallame ta.

Ɗari huɗu muke a filin. Na ji kamar kowa ƙeyata yake kallo. Na tsaya ƙyam, na ƙirga tagogin ofis. Tara ne, ɗaya a fashe.

Ba zan fito ba. Me ya sa ni zan fito? Wadda ta kai maganar gida ta juya ta, ita ta fito mana. An ce mana amana ce. Ba ni na karya ba.

Asabar, da hantsi

Abin ya tashi wa Auta. Ƙafafu da baya.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Tawul mai ɗumi, ruwa, magani, tawul, ruwa. Ta cije min hannu, shaidar haƙoranta huɗu tana nan. Da ta samu sauƙi ta ce, "Yaya, yi haƙuri, na ɗauka matashi ne." Na ce matashi ma ya fi ni ƙiba. Ta yi dariya, dariyar ta sa mata ciwo, ta daina.

Maƙwabciyarmu ta leƙo, Umma ta ce mata sanyi ne ya kama yarinyar. Kullum sanyi ne. Shekara tara ana sanyi a gidanmu. Sunan ciwon ba a faɗarsa a nan, ko a katin asibiti Baba yakan ninke wurin ciki. Ni ma a wannan littafin sau uku kawai na rubuta shi, kuma ba a kan Auta ba.

Lahadi, bayan azahar

An tafi da ita can asibiti. Ni aka bari da gida.

Na share ko'ina, har ƙarƙashin gado. Na ɗauko littafin da na fi so, wanda saurayin likita ne, na kasa wuce shafi biyu. Likitan littafi ba ya cewa a je a nemo jini. Shi dai ya tsaya bakin taga iska tana kaɗa masa riga.

Sai na kama tuna ranar ayaba. Malama ta sa muka dame ayaba a leda, muka zuba gishiri da sabulun wanke-wanke, muka tace da tsumma, ta tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali ta gefen kofin. Wani farin abu ya taso kamar zare. Ta ce, "Ga shi nan. Wannan shi ne DNA, rubutun da ayaba take karantawa ta zama ayaba."

Rediyo ta ce, "Malama, wannan ai majina ce."

"To ke ma da irin majinar nan aka rubuta ki, har da surutun."

Na naɗe nawa a tsinke na ɗaga shi wajen haske. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni tsoro da daɗi lokaci ɗaya kamar wannan ba. Ashe akwai rubutu a jikin mutum. Ashe a na Auta harafi ɗaya ne kawai ya kauce. Harafi ɗaya! Ni da nake kuskuren harafi goma a shafi guda a ba ni bakwai bisa goma.

Ranar ce na fara tunanin tambayar.

Litinin, ƙarfe huɗu

An kulle ɗakin gwaji. Waken da muka shuka a gwangwanaye yana kan taga ta ciki, iri biyu, na gida da ingantacce, muna auna tsawonsu duk Litinin. Sun fara langaɓewa.

Na cika gorar ruwana, na huda murfin da alƙalami, na zagaya ta baya na fesa ta tsakanin ƙarafan taga. Na gaba-gaba sun samu. Na baya sai haƙuri.

Mai gadi ya gan ni. "Ke 'yar nan, me kike yi?"

"Ban ruwa, Baba."

"An ce kada kowa ya zo nan."

"Ba a gaya wa waken ba."

Ni na faɗi haka. Ni! Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce in yi sauri in gama kafin Shugaba ta fito.

Talata, lokacin tara

Rediyo ta gane.

Ta jawo ni bayan ajin 'yan shekarar farko, ta zaro littafin Antinta daga jaka, wanda ta ara min watan jiya. Ta buɗe ƙarshensa ta kara min a hanci.

"Ina shafin ƙarshe, Gimbiya?"

Gimbiyar Mafarki suke kirana a aji, saboda kallon taga.

Na ce ban sani ba.

"Anti ta kusa cire min kunne. Ta kai daidai inda saurayin zai buɗe baki ya faɗa wa budurwar, sai ta ga bango. Kuma ni ina gaba ranar, na ga takardar da Malama ta juya. Irin takardar nan ce mai ruwan ƙasa, da bugun rubutu a baya. Duk makarantar nan wa zai rasa takarda sai ta littafin soyayya?"

Ranar ba ni da komai a hannu sai shi. Gefe ɗaya fari ne tas. Na ɗauka tunda na karanta ƙarshen, ya gama amfani. Na yi wahalar hannun hagu, na manta takardar kanta tana kiran sunana.

Rediyo ta ce, "Shi ya sa Malama ta ƙi nunawa. Ai ana gani an san ke ce."

Ta rufe littafin.

"To me kike jira?"

"Babana ne ya rubuta ƙorafin."

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

Ta dube ni. Bakin nan da ba ya rufuwa ya rufu. Can ta ce, "Ba zan faɗa ba. Amma ki sani yau zan yi ciwon ciki saboda ke, ban saba riƙe abu ba."

Laraba, ƙarfe biyu

Ban damu ba. Malamai nawa ne suka zo suka tafi?

Laraba, ƙarfe biyar

Na damu.

Alhamis, da yamma

An dawo da Auta. Ta rame, idanunta sun yi ruwan ƙwai, amma tana ta ba da labarin wata nas mai takalmi mai ƙara. Baba ya ɗauko ta daga mota har gado, bai bari ƙafarta ta taɓa ƙasa ba. Ya zauna yana matsa mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana yi mata waƙar shirmen da ya ƙirƙira tun tana jaririya.

Ina tsaye bakin ƙofa ina kallonsa. Mutumin nan ne zan kunyata a gaban iyayen yara. Za su ce, 'yar magatakarda? Me ya kai ta wannan tambaya? Wa ke da shi a gidansu? Shekara tara yana ninke kati, ni in zo in buɗe shi a tsakiyar taro.

To amma wa ya ce ya ninke? Auta sata ta yi?

Juma'a, ƙarfe uku

Yau na ɗaga hannu a aji.

Malamin Lissafi ya waiga bayansa, ya ɗauka wani nake nunawa. Na miƙe na ce, "Malam, a shafi na tamanin da takwas an ce an taɓa sakin mutane daga kurkuku bayan shekaru, saboda gwajin DNA ya nuna ba su suka yi laifin ba. Shi ma haramun ne mu sani?"

Ya ce, "Na ce babu wannan shafin."

"Da maganin ciwon suga da ake sa ƙwayoyin cuta su haɗa, a shafi na tamanin da uku. Kakar wata a nan tana yin allurarsa."

"Fita ki durƙusa."

Na fita na durƙusa a baranda minti arba'in. Simintin da zafi. Ban yi kuka ba. Duk wadda ta wuce sai ta sake waiwayowa, wai Gimbiya ce a durƙushe. Rediyo ta turo min takarda ta taga: "Sannu da zuwa duniya."

Da aka tashi Malam ya tsaya kusa da ni yana gyara littattafansa, ya ce a hankali, "Ni ma na karanta shafukan. Amma ni lissafi aka ɗauke ni in koyar, kuma ina da iyali." Ya wuce.

Asabar, da safe

Ƙarya na rubuta ranar farko. Ba duka don Auta ba ne.

Rabin farko nata ne. Rabi na biyu nawa ne. Akwai ranar da aka fasa kai ni bikin ba da kyauta na makaranta, ranar da na ci ta ɗaya a rubutun zube, saboda abin ya tashi. Ina riƙe da tawul ina tunanin yadda gidan nan zai kasance da mu uku ne kawai. Minti ɗaya na yi ina tunanin, ko biyu. Na ga labule a buɗe, na ga Umma da ƙiba tana dariya. Sai Auta ta kira ni.

Tun ranar nake ɗauke da shi kamar dutse a aljihu. So nake wani babba ya ce min mutane suna irin wannan tunanin, ba ni kaɗai ba ce. Kuma Malama ta faɗa. A gaban aji, ba tare da ta kalle ni ba.

Saboda wannan za a kore ta.

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi

Na gan ta.

Na zagaya ban ruwa sai na tarar da ƙofar ɗakin gwaji a buɗe. Tana ciki tana zuba littattafanta a kwali. Ba farar riga. Sai na ga ashe ƙarama ce, ba ta fi Antin Rediyo ba.

"Ashe ke ce mai ban ruwan," ta ce. "Na ga na gaba sun fi na baya. Kin ɓata min gwaji, amma na gode."

Na tsaya riƙe da gora. Duk maganganun da na shirya a kaina, masu kyau irin na littafi, suka watse.

Ta buɗe jakarta ta zaro takardar, a ninke huɗu, ta miƙo min. "Littafin mutane ne. Ki mayar masa da ƙarshensa."

"Malama, ita kaɗai ce shaidarki."

"Ba shaidata ba ce. Taki ce."

"Za su kore ki."

"Wataƙila." Ta ci gaba da jera littattafai. "Ki saurare ni. Ban ba ki don ki yi wani abu ba. Na ce amana ce, kuma ni babba ce, na san abin da nake yi lokacin da na amsa. Da na so sai in ce ba ya cikin manhaja. Kada ki ɗora wa kanki."

Na ce, "To me ya sa kika amsa?"

"Saboda an tambaya." Ta ɗaga kwalin ta ɗora a ƙugu. A bakin ƙofa ta juyo. "Af, na karanta bayan. Ya aure ta. Amma ni ban yarda da shi ba, mutumin da sai a shafin ƙarshe zai iya buɗe baki."

Na yi dariya, hawaye suna zuba, majina da komai. Ko jaruma ɗaya ban taɓa karantawa tana kuka da majina ba.

"Yaya mai jikin?" ta ce.

Ban taɓa gaya mata akwai mai jiki ba.

"Da sauƙi, Malama."

"Allah ya ƙara sauƙi. A riƙa ba ta ruwa sosai."

Talata, bayan la'asar

Umma tana guga, ni ina ninkewa. Auta tana barci, Baba yana shago.

Na ce, "Umma, kafin ku yi aure an yi muku gwaji?"

Dutsen gugar ya tsaya a kan wuyan rigar Baba har na ji ƙauri. Ta ɗaga shi.

"An yi."

"Me aka ce?"

"Abin da Malamarku ta koya muku. Ni AS, shi AS. Kowane ciki, kashi ɗaya cikin huɗu." Ta juya rigar. "Likitan har zane ya yi mana a bayan takarda. Yayyena suka ce a fasa. Babanki ya zo gidanmu ya tsaya a ƙofa tun safe har rana ta faɗi, ya ce shi ba inda za shi. Ni kuma na ƙi cin abinci kwana uku." Ta yi ɗan murmushi. "Irin na littattafanki."

Ban taɓa sani ba. Iyayena! Baba mai warin taki da maganin ƙwari, a tsaye ƙofar gida saboda so.

"Da kika zo lafiya ƙalau muka ce ka gani, likitoci da tsoratarwa. Sai Auta."

"Kin yi nadama?"

"Ke, wace irin tambaya ce wannan?" Ta watsa ruwa a rigar, tururi ya tashi. Ta daɗe tana goge wuri ɗaya. "Ba na nadamar Auta. Ba na nadamar babanki. Amma in tana ihun nan, ba na iya kallonsa, shi ma ba ya iya kallona. Ki bar shi da takardunsa na kwamiti. Ba da Malamarku yake faɗa ba."

Ta miƙo min rigar. Ta riƙe ta ba ta saki ba sai da na ɗago kai.

"Tambayar da aka ce wata yarinya ta yi," ta ce. "Allah sarki. Ko 'yar wace ce, uwarta ba ta lura da ita ba."

Ta saki rigar. Ta ɗauki wata.

Laraba, ƙarfe biyu

Gobe ne.

Na rubuta wasiƙa sau huɗu. Ta farko ta fara da "Cikin zubar hawaye da karyewar zuciya", na yaga. Ta biyu shafi uku ce, har da wata da taurari. Ta uku na zagi kowa, har wadda ta kai gulmar, na ji daɗi, na yaga. Ga ta huɗu:

"Zuwa ga kwamiti. Ni ce na yi tambayar, ga takardar a haɗe. Malama ba ta ce a zubar da kowa ba. Ta ce ana iya gwadawa, ta ce doka ta bambanta, ta ce hukunci na iyaye ne da imani. Na tambaya ne saboda ƙanwata tana da sikila, kuma ina sonta, kuma wani lokaci nakan gaji. A gida ba a maganar, shi ya sa na tambaya a makaranta. In tambayar laifi ce, ni za a hukunta."

Na tsaya a kan kalmar nan na daɗe. Na soke ta na rubuta "rashin lafiya". Na sake sokewa na mayar da ita. Sunansa ke nan.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na tambayi Auta. Ba zan kai sunan ciwonta gaban mutane ba ta sani ba.

Ta ce, "Ai duk 'yan ajinmu sun sani. Ni na gaya musu. Shi ya sa ba a sa ni shara." Ta ci gaba da canza wa 'yartsanarta ɗankwali. "Baba ne kawai bai san an sani ba. Kada ki gaya masa, zai ji ba daɗi."

Shekara tara. Ita take lallaɓa shi.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na safe

Jiya da yamma Rediyo ta biyo ta gidanmu da wani labari da ta jiyo a ofis lokacin da ta kai littattafan aji. Duk wasiƙar da aka kawo wa kwamiti, ba Shugaba ke karantawa ba. Magatakarda ne yake miƙewa ya karanta a fili, daga farko har sa hannu.

Wato da bakinsa. A gaban mutum goma sha biyu.

Rediyo ta ce in ba Shugaba a ɓoye, in roƙe ta ta karanta da kanta. Na yi tunanin hakan. Amma zai zauna a wurin ne ya ji daga bakin wata, kowa ya juyo yana kallonsa. Wannan ba zan yi masa ba. Kuma ba zan fasa ba.

Shi zai kai ni makaranta yau, tunda can za shi. Minti ashirin ne a mota, in ba cunkoso. Zan ba shi kafin ya tayar da injin, a ƙofar gida, ya karanta shi kaɗai tukuna. In ya so ya yi min faɗa har mu isa. In ya so ya yaga, na kwafi wata tana cikin safata, kuma zan gaya masa akwai ta, ba zan yi masa ɓoye ba. Da ƙafata zan shiga ofis in ajiye ta a kan tebur.

Na sa hannu da hannun dama. Sunana, da nasa a bayan nawa.

 Ban iya shan shayi ba. Umma ta dube ni, ta dubi ambulan ɗin, ta gyara min wuyan riga.

Ga shi can yana kaɗa makulli. "Mamana, za mu makara!"

Ina zuwa, Baba.